Ranar da Na Yi wa Inna Fati Tafinta a Filinge

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ɗauko ni daga bakin sitiyari aka tsayar da ni gaban furofesoshi ba. Ku da kuka shigo aiki daga baya, akwai abubuwan da kuka tarar kuka ɗauka tun asali haka suke. Bari ku ji mafarin ɗaya.

Lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, bakin mutane bai gama buɗewa ba. Ni direban kar ne, wato motar bas ta jami'a, cikin ƙananan ma'aikata, mu da masu gadi da masu shara da matan kicin. Ina kan kwantaragi, wato ba a tabbatar da ni ba tukuna, takarduna suna ofishin shugaban ma'aikata, wanda muke ce wa Shef.

Sai aka ce za a yi horon kwana uku kan daidaito da tafiya da kowa, kada jinsin mutum ko ƙabilarsa ko naƙasarsa su hana shi haƙƙinsa. Da na ji a Filinge za a yi, garinmu, murna ta hana ni zama. Na wanke kar sau biyu! Muna wuce Baleyara na fara nuna wa malamai gonakin hatsi kamar na ubana ne.

Ranar farko manya suka shiga zaure, mu direbobi da masu gadi da matan kicin da aka zo da su don hidima muka zauna gindin dalbejiya, don sunanmu ba ya cikin takardar masu shiga. Wajen hantsi mai ba da horon, Madam Hadiza, ta leƙo.

"Waɗannan ba ma'aikatan jami'a ba ne?" in ji ta.

Shef ya ce ai ba su jin Faransanci.

"To a samo mai fassara. Ba zan ci gaba ba sai sun shigo."

Kowa ya juyo wajena, don ina jin Hausa da Zabarmanci, kuma na yi lakwal, wato boko, har koleji, inda na koyi Faransanci. Wallahi na ji tsoro, amma daɗi ya fi tsoron yawa. Na karkaɗe riga na shiga, aka miƙo mini makirufo.

Da aka zo tambayar abin da ke damun kowa a wurin aikinsa, sai Inna Fati ta ɗaga hannu. Dattijuwa ce ƴar garin Bonkuku, ta daɗe tana dafa wa ɗalibai abinci.

"Tun ina da ƙarhi nike dahwa ma ɗiyanku tuwo," in ji ta. "Ban-ɗakunan da ke kusa da kicin duk an sa musu lakile, makulli ke nan, lakilen kuma na aljihun manya. Mu mata sai bayan katanga, inda samari ke wucewa. Na hwaɗa ma Shef, yac ce in yi shiru in ina son aikina. Kuma sunana Fati, ba 'ke Buzuwa' da ake ce mini ba."

Wasu malaman sun ji, amma Sakatare Janar, wanda ke sama da Shef, ba ya jin Hausa, kuma abin da aka faɗa da Faransanci shi kaɗai ke shiga rahoto. Shef ya kafa mini ido. Zan iya cewa kawai mata suna roƙon a duba musu wurin kewayawa, magana ta mutu, takarduna su zauna lafiya.

Inna Fati ta taɓa hannuna. "Issuhu, ɗana, hwaɗi kamar yadda na hwaɗi."

Na faɗa. Ban rage ko kalma ɗaya ba, har maganar Shef, har sunan. Ina gamawa wata malamar lissafi ta miƙe ta ce ita ma sai da ta yi wata uku kafin a ba ta lakile, abokan aikinta maza kuwa ranar farko aka ba su. Wani mai gadi ya ɗaga hannu, wani ma ya ɗaga. Na yi ta juya magana har muryata ta dishe, ban ma san an kira azahar ba.

Sakatare Janar ya ce, "Madam Fati, ban sani ba, kuma ya kamata in sani." Ya sa aka rubuta maganarta yadda take. Da na fassara mata sai ta ce, "Madam? Ni?" Ta rufe baki da mayafi tana dariya, zaure duka ya ɗauki tafi.

Muna komawa aka cire makullan, daga baya aka gina wa mata nasu. Shef ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata, takarduna kuma suka ƙara shekara a aljihun tebur kafin su fito. Ban yi nadama ba.

Abin da na koya shi ne, yawancin manyanmu ba mugaye ba ne, magana ce ba ta isa kunnensu yadda take, mu na tsakiya muke tace ta don tsoro. Duk wanda a cikinku aka sa ya kai saƙon na ƙasa da shi, ya kai shi cikakke. Mai maganar ya riga ya yi ta maza kafin ya buɗe baki, kada kai ka rage masa.