Tarin Baba a Cikin Bututu

Gwaggo ta shigo gidan yayanta, Baba, da akwati ɗaya, wata biyu bayan rasuwar mijinta, ta ce sati guda za ta yi. Shekara talatin da huɗu ke nan, satin bai ƙare ba. A hannunta 'ya'yan gidan biyar suka tashi. Ita ta yi musu wanka, ita ta zane su, ita kuma ta ɓoye su a bayan ƙofa in Baba ya zaro bel. Baba ya rasu, Mama ta bi shi, yara suka watse, gidan ya dawo hannun Auta, wanda ya karanto aikin likitan haƙori.

Auta bai rushe gidan ba, yanka shi ya dinga yi kamar sabulu. Falo ya zama wurin jiran layi, da kujerun roba da hoton wani ƙaton haƙori mai murmushi. Ɗakin girki ya koma inda ake dafa almakashi da allurai, Gwaggo ta ce ai shi ba a canza masa sana'a ba. Ɗakin 'yan mata aka cika da kwalaye. Ɗakin Baba kuwa, inda a da ko atishawa sai ka nemi izini, nan aka kafa kujerar nan mai kwanciya, inda manyan mutane ke wangale baki suna kiran uwarsu. Ɗaki ɗaya ya tsira a can baya, nata.

Abin da kowa ya manta shi ne bututun. Baba ne ya sa aka binne shi a bango don a jawo masa ruwa. Ruwan bai taɓa zuwa ba, sai magana ta riƙa bi ta ciki. Bakinsa ɗaya na ƙarƙashin tagar Baba, ɗayan na bayan gadon Gwaggo. Da shi yara ke sauraron minsharin Baba kafin su sulale waje. Yanzu shi ne rediyon Gwaggo.

Wata Talata da hantsi ta ji muryar Auta da ta wani magini.

“Ɗakin baya za ka fasa,” in ji Auta. “Na'urar ɗaukar hoton haƙori za a saka. Gwaggo za ta koma wajen babbar yayarmu.”

“Ta sani, Likita?”

“Za ta sani. A hankali.”

Gwaggo ta san gidan babbar yayar: hawa na huɗu, ba maƙwabci sai tantabaru. Ta durƙusa, ta kai baki jikin bututun, ta saki tarin Baba, wannan mai kauri da ke sa yara su tuna ba su share tsakar gida ba.

Wani ƙarfe ya faɗi ƙasa a ɗaya ɓangaren.

“Likita,” in ji magini, “mu biyu ne a ɗakin nan ko?”

Washegari ya dawo awo, ta sake yi masa. Ya naɗe igiyar awonsa, ya ce ya tuna yana da wani aiki a ƙarshen gari. Rana ta uku, ta gama tarin ke nan, sai bututun ya amsa.

“Gwaggo, Baba sau biyu yake yi. Kin ƙara ɗaya.”

“Tsufa ne,” ta ce.

Ba a jima ba sai ga Auta da farar rigarsa, ya zauna a bakin gadonta yana sosa ƙeya kamar ranar da ya fasa gilashin agogo.

“Haba Gwaggo. Can ɗin fa ya fi nan. Ga iska, ga shiru.”

“Shirun ne zai kashe ni. Yaya haƙorin naka?”

“Wane haƙori?”

“Na sama, ta hagu. Wanda kake wa nishi da zarar mutum na ƙarshe ya fita. Wata bakwai kana ce wa abokinka a waya sati mai zuwa za ka je ya cire. Kanumfarin da nake ajiyewa ma ka cinye min shi.”

Auta ya kai hannu kunci, ya yi sauri ya sauke.

“Ni ba na ƙin tafiya,” Gwaggo ta ci gaba tana gyara zaman filo. “Sai dai kewa za ta dinga kawo ni kullum. In zauna a layi, in taya marasa lafiya hira. Ka san ni da hira, ɗana.”

Na'urar ta shiga ɗakin 'yan mata, kwalaye suka koma ƙarƙashin matakala. Auta da kansa ya cusa tsumma a bututun. Gwaggo ta ba shi kwana biyu, don kada a ce ba ta da kunya, sannan ta tura tsumman da wayar rataye kaya.

Abin da ta fara ji muryarsa ce, yana ce wa wani: “Kai da girmanka, haƙori ɗaya kake wa wannan rawar jiki? Buɗe baki.”

Ta yi tari, sau biyu cif.