Ranar da Miyar Gidana Ta Fita Ba Gishiri

Shekarun baya, ba a daɗe da fara shari'a a jiharmu ba, ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Daura. A layinmu muna da al'adar ciyayya. Da an idar da sallar Magariba za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan wani dattijo, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, a jere su, a ci tare. Wannan tuwon dawa da miyar kuka, wancan dambu, wani shinkafa da wake an kwarara mata mai da yaji. Dokar wurin ɗaya ce, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗinta: ba a tsallake kwanon kowa. In ka tsallake, kafin gari ya waye labari ya kai cikin gida, matar mutum ta fara tambayar abin da ta yi maka.

Ni kuwa ban taɓa ba kowa wannan damuwar ba. Kowane kwano sai na ba shi haƙƙinsa, har da ƙari. In an gama a kawo shayi mai kauri, in ɗora goro a kai, a yi ta hira har bayan Isha'i. Da na dawo daga sallar Asuba in koma in kwanta, in farka a firgice, in hau babur ba karin kumallo. Ƙeyata kullum tana sara. A aji sai in fara bayani, in tsaya, in rasa inda na nufa. Na ɗauka tsufa ne ya yi mini sammako.

Mai ɗakina ce ta matsa sai da na je asibiti. Likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Malam, da ƙafarka ka shigo nan?" Hawan jini ne, kuma ya yi nisa. Ya rubuta magani, ya ce amma magani kaɗai ba zai riƙe ni ba. In rage gishiri da magi da man shanu, in bar goro, in riƙa tafiya a ƙasa, in riƙa kwanciya da wuri. Ya ce in na yi wasa, shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama.

Na dawo gida. Wallahi na tsorata. Amma abin dariya, da na tuna ciyayya sai wani tsoron ya danne wancan. Yaya zan zauna a gaban maza in ce ba ni da lafiya? Gobe kowa ya riƙa yi mini sannu kamar mai jego? Na ce wa mai ɗakina kada kowa ya ji.

Sai muka ɓullo da dabara, kuma ni na kawo ta, kada a ɗora mata. Ta riƙa yin miya tukunya biyu, ɗaya tawa ba gishiri, ɗaya ta fita waje yadda aka saba. In ci tawa a ɗaki, sannan in fita in ɗan taɓa na mutane don kada a gane. To, ku da kanku kun san yadda "ɗan taɓawa" take ƙarewa in an buɗe dambu yana tururi. A taƙaice, likita ya ce in rage ci, ni kuma na koma cin abincin dare sau biyu.

Ana haka, wata ranar ina rubutu a allo sai haruffan suka haɗe mini. Alli ya faɗi daga hannuna. Na dafa tebur na zauna, yara suna kallona. Da na faɗa wa mai ɗakina da rana, ba ta yi faɗa ba. Ta dai dube ni ta ce, "Malam, yau za ka gaya musu?" Na ce sai dai wani lokaci. Ta ce, "To."

Ashe wannan "to" ɗin da magana a cikinsa. Da yamma aka jere kwanuka, aka buɗe nawa. Abokina, wani mai sayar da awaki a kara wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya fara kai loma. Ya tauna, ya tsaya, ya ɗaga gira.

"Kai, Malam! Gishiri ya yi tsada a gidanku ne, ko uwargida ce ta yi fushi?"

Aka kwashe da dariya. Na ɗanɗana, na gane. Miyata ce ta fito da ita, da gangan. Matar da duk layin ake yabon girkinta, wadda in ana biki ita ake kira ta tsaya a kan tukunya, ta miƙa sunanta a yi dariya da shi. Zaɓi biyu ya rage mini: in yi shiru gobe mata su yi ta yi da ita, ko in buɗe baki.

Na ce, "Ba laifinta ba ne. Ni ne ba ni da lafiya. Hawan jini gare ni, likita ya hana ni gishiri."

Ina jiran sannun da nake gudu, sai dattijon nan ya janyo kwanona gabansa, ya ci loma, ya ce, "Shi ne kake ta ɓoyo? Allah ya ba da lafiya. Daga yau wannan kwanon naka ne, kuma duk wanda ya ga hannunka a wani kwano ya buge shi." Shi ke nan fa. Abin da na yi ta ɗauka kamar dutse, a nan ya ƙare. Abokina kuwa bai ƙara cewa uffan ba, har na zaci ya ji haushi.

Washegari muna fitowa daga sallar Asuba ya riƙo hannun rigata. "An ce maka ka riƙa tafiya, ko? Mu je." Muka miƙe hanyar Katsina, gonakin gero hagu da dama, ina haki kamar an biyo ni. Sai da muka bar gidaje ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwayoyin magani, irin nawa sak. Ya ce ya fi ni daɗewa da ciwon, ko matarsa ba ta sani ba. Na ce, "Amma kai ka fi kowa dariya jiya!" Ya ce, "To me zan yi, in yi kuka?"

Daga ranar barcin bayan Asuba ya fita daga rayuwata. Mu yi tafiyarmu, in dawo in sha kunu, in duba darasin da zan koyar tun kaina yana wasai. Goro ya ba ni wahala kafin mu rabu, ba zan yi ƙarya ba. Hirar dare na rage ta, da an yi Isha'i sai gida. A hankali sarar ƙeya ta tafi, na koma ina gama bayani a inda na fara shi. A tabarmar ciyayya kuwa kwanon marasa gishiri ya zama biyu, daga baya ya ƙaru, don ashe ba mu kaɗai ba ne.

Abin da na gane shi ne, sauya ɗabi'a a ɓoye wahala ce ninki biyu. Mutanen da kake jin kunyarsu, sau da yawa su ne za su riƙe ka in sun sani. Har yau ina wannan tafiyar, da furfurata, kuma duk safiyar da na ji ƙafafuna sun ɗauke ni sai na yi hamdala.

An daɗe kafin na tambayi mai ɗakina ko ba ta ji tsoron bakin mata ba a ranar. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Na ji mana. Amma gara a ce ban iya miya ba, da a zo a same ni cikin takaba."