Umma da Bayan Ɗinki

Umma tana da wata ɗabi'a da ta sha kunyata mu. Duk rigar da ta zo kusa da hannunta sai ta juya bakin rigar ta duba bayan ɗinkin. Baƙuwa ta zo gaisuwa, ana cikin "ina gajiya", hannun Umma ya riga ya kai gefen mayafinta. Ni kam na sha cewa, "Haba Umma, don Allah!" Sai ta ce ai ba da gangan take yi ba, hannun ne.

A layinmu Matar Mai Keke ake kiranta, don Baba ne mai gyaran keken ɗinki. Shagonsa ɗaki ne a gaban gida, da ƙofa ta baya da ke shiga tsakar gida. Abin da teloli ba su sani ba, tun ina goye idon Baba ya fara raunana, har ya kai ba ya ganin kafar allura. Shi ke karɓar keke, ya yi hira da mai shi, ya ce a dawo jibi. Da mutum ya juya baya, sai keke ya bi ta ƙofar baya. Umma ce ke kwance shi a kan tabarma, ta jera ƙananan kusoshi a faranti, ta gyara, ta sa mai. Shekara goma sha tara ana yabon hannun Baba, ita kuma ko a fuska.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, ƙafa ta ɗauke daga shago. Teloli suka yi ta'aziyya, suka ce an yi rashin gwani, suka kai kekunansu wani wuri. Umma ta kasa buɗe baki ta ce ita ce, gani take kamar tona wa mamaci asiri ne. Sai Kawu, yayanta, ya zo ya yanke hukunci: ƙarshen wata zai kawo mota ya kwashe mu, mu koma gidansa. Umma ta ce to, amma na ga yadda take kallon akwatin kayan aikinta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A makon ne na ga takarda a jikin katangar kamfanin da ke ɗinka yunifom, suna neman mai gyaran keke. Na cike fom da sunan Umma ban gaya mata ba, sai da aka kira.

"Ke kina da hankali kuwa?" in ji Umma. "Da wace takardar shaida zan je?"

"Da kanki za ki je," na ce.

Kwana biyar muna shiri. Na zaunar da ita a kujera, ni ce manaja. Na koya mata ta kalli mai tambaya, kada ta sunkuyar da kai. In an tambayi ƙwarewa, ta dage sai dai ta ce ta taya mijinta aiki, na haƙura muka tsaya a haka. Na sa ta goge farcenta da lemon tsami har baƙin mai ya ragu. Na ƙwace ƙaramin sukudireban da ba ya rabuwa da jakarta. Na kuma ja kunnenta, ni ɗiyar da ta haifa: "Umma, ki ɗora hannuwanki a cinya. Kada ki taɓa rigar kowa."

"To, ranki ya daɗe," ta ce, tana harara ta.

Ranar ganawa muka tarar da maza shida a benci, kowa da fayil. Ɗaya ya dube mu ya ce masu neman aikin shara can baya suke. Wallahi har zan ba shi amsa, sai Umma ta taka min ƙafa.

Da katako aka keɓe ofishin, rabinsa gilashi, don haka daga benci ina gani ina ji. Mutum biyu ne a ciki: manaja, da wata dattijuwa mai tabarau, shugabar teloli. A kan tebur akwai riguna biyu na yunifom a ninke. Ina ganinsu na tuna da hannun Umma.

Manaja ya tambayi takardar shaida, Umma ta ce babu. Ya tambayi inda ta yi aiki, ta ce a gida. Ya rubuta wani abu gajere, ya dubi agogo. Na ce a raina shi ke nan, motar Kawu ta tabbata. Muryar Umma sai ƙanƙancewa take yi, duk abin da muka haddace ya gudu.

Sai na ga hannun ya bar cinya. Ina daga waje ina girgiza kai kamar zai cire, ko kallona ba ta yi ba. Ta jawo riga, ta juya bakinta, ta bi ɗinkin da babban yatsa.

"Wayyo," ta ce. "Wa ke zama a kan keken da ya yi ɗinkin nan?"

"Me ya faru?" in ji mai tabarau.

"Hajiya, keke biyu ne suka yi rigar nan. Na hannun riga lafiyarsa ƙalau. Na ƙasan nan tsallake yake yi, dubi, nan da nan da nan. Zaren ƙasa ya saki, kuma allura tana riga kwarkwaron da ke kawo zaren isowa. Mai ɗinkin ba ta da laifi, jan yadin take yi don ta ɓoye."

Mai tabarau ta cire tabarau ta dubi manaja. Ashe wata biyu ke nan ana dawo musu da riguna, har ana shirin sallamar wadda ke kan keken. Ta miƙe ta ce Umma ta biyo ta.

Suka fito ta gabanmu. Umma ta miƙo min hannu, ni kuma na zaro sukudireban daga jakata na ba ta, kunya kamar ta kashe ni. Na bi su har bakin zauren ɗinki. Kekuna sun fi arba'in suna ruri. Umma ta tsaya, ta karkata kai tana saurare, ta wuce kai tsaye zuwa na biyu daga taga, ba wanda ya nuna mata. Ta naɗe hannun rigar da na goge mata, ta durƙusa. Kafin manaja da ya biyo mu ya gama amsa waya, ta gama gyara, an ɗinka ƙyalle a keken, mai tabarau ta juya bayansa ta duba, ta yi dariya.

Manaja ya ce, "Hajiya, shekara nawa kika yi kina taya mijin naki?"

Umma ta goge yatsunta. Sannan ta ɗaga kai ta dube shi sosai.

"Shekara goma sha tara. Amma ni nake yi. Shi yake karɓa, ni nake gyarawa."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. A hanya ta ce, "Allah ya sa Babanku ya yafe min." Na ce ai da yana nan, shi zai fara yi wa mutanen benci dariya.

Ƙarshen wata Kawu ya iso da motarsa da igiyoyin ɗaure kaya. Umma ta fito da akwatin aikinta kawai, ta ce, "Yaya, tunda ka zo, sauke ni a wurin aiki, kada in makara." Ya ajiye igiyoyin, ya ɗora akwatin da kansa.

A bakin kamfani maigadi ya wangale ƙofa ya ƙwala kira ciki: "Ku faɗa musu Mai Keke ta iso!" Kawu ya waiga yana neman wanda ake nufi, Umma kuwa ta ɗauki akwatinta ta shige.