Addu'ar da Jirgin Wasu Ya Tafi da Ita

A Damagaram ba mu da jirgin ƙasa, sai labarinsa. Ranar da na fara shiga shi a Kano, na ƙudura kada kowa ya gane baƙuntata. Da na ga tagogi suna wucewa, na ɗaga murya na karanta addu'ar matafiyi har ƙarshe, fasinjoji suka ce amin cikin ladabi. Sai tagogin suka ƙare. Ashe jirgin da ke gefenmu ne ya tashi, namu ko motsi bai yi ba.

Ƙanena da ya rako ni yana nan tsaye, yana ɓare gyaɗa. Ya leƙo ya ce, "Yaya, sannu da hanya. Yaya mutanen Legas?"