Ɗinkin Hammata

A masana'antar kayan kariya, Sarkin Allura ake kiransa, har masu shara ba su san shi da wani suna ba. Tun yana saurayi yake kan keken ɗinkin da ke jikin taga, yana ɗinka wa ma'aikatan asibiti da masu feshin magani riguna. Shi ya kawo ƙanensa Auta wurin, ya koya masa saka zare, Auta kuwa ya sha rankwashinsa a kan karkataccen ɗinki.

Sai aka kawo sabon yadi, mai santsi, marar nauyi. Injiniyar da ta zo da shi ta ce an shafe shi da ƙwayoyin nano, waɗanda silin gashi ya fi su kauri sau dubbai, su ke tare guba da ƙwayoyin cuta. Amma allura ba ta taɓa shi, don kowace huda ƙofa ce. Da injin zafi ake liƙe bakinsa.

Da aka gwada hannun kowa a injin, na Auta ya fi. Aka ba shi shugabancin sabon ɗaki mai sanyi, da farar riga. Sarkin Allura kuwa aka ce ya zo ya koya, in ya iya ya zauna, in ya kasa ya koma ɗinkin jakunkuna.

"Yaya, sassauta hannu," in ji Auta, "injin ne ke ja, ba kai ba."

"Guga kake yi, ba ɗinki ba," ya amsa. "Da na san mai wanki za ka zama, da ban ɓata bakina a kanka ba."

Telolin suka kwashe da dariya, amma Sarkin Allura ya lura yanzu wurin Auta suke kai tambaya. Har mai shayin bakin ƙofa ya fara cewa "ranka ya daɗe" in Auta ya wuce.

Al'adar ɗakin ita ce, wanda ya haɗa rigarsa ta farko shi zai sa ta ya shiga akwatin gilashi, a fesa masa tururi marar lahani. A ciki yana sanye da farar singileti mai rinewa duk inda tururin ya ratsa. Sarkin Allura ya liƙe tasa tsaf. Ya ɗaga ta ya duba, sai ya ga babu abin da ya raba ta da ta Auta, babu inda za a ce ga hannunsa. Da aka fita cin abincin rana, ya zaro siririyar allurarsa ya bi hammatar da ɗinki, irin wanda bai taɓa tsinkewa ba.

Ya shiga akwatin, ya ɗaga hannu, ya durƙusa, ya miƙe kamar yadda aka umarta. Da ya tuɓe, ga shuɗayen ɗigo a jere ƙarƙashin hammata biyu.

"Wallahi ko yoyon ma a miƙe yake!" in ji wani tela.

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta ce da a ɗakin masu cuta ne, da yanzu wani zance ake. Ta nuna wa Sarkin Allura ƙofa. Auta ya bi ta ofis, ta gilashi Sarkin Allura yana hango shi ya rusuna yana roƙo. Aka bar shi ya zauna, bisa sharaɗin Auta zai duba duk rigar da ya haɗa.

Da ya koma gida, ya tarar labari ya riga shi. Matarsa ta ajiye masa ruwa tana cewa, "Malam, Allah ya yi wa Auta albarka, ya rufa mana asiri."

Ya ɗauki kofin ruwan ya sha.

"Amin," ya ce. "Amma dai guga ce."