Ƙaramar Kwamfutar da Auta ta Zaɓa

Da safe Auta ta shigo ɗakina, kofin shayi a hannu ɗaya, makullin motata a ɗayan. Ba ta tambaya ko ina da abin yi ba. Tun da na yi ritaya daga koyarwa, mutanen gidan nan suka yanke cewa ni direba ne.

"Abba, shanye da zafinsa. Kasuwar 'yan kwamfuta za ka kai ni."

Auta ita ce ƙaramar 'yata. A wani ɗan kamfani take aiki, mai haɗa wa makarantu ɗakunan kwamfuta. Takan shirya faifan ajiya ɗaya tsaf, da duk abin da ɗalibai za su buƙata, sannan ta kwafe shi ɗungurungum a kan sauran, yadda kowace kwamfuta za ta tashi kamar 'yar'uwarta. Aikin ke nan. Dangi ba su taɓa fahimtarsa ba, ba su kuma taɓa tambaya ba. "Mai gyara" suke ce mata. Wayoyi suke kawo mata da rediyo, wata goggonta har dutsen guga ta taɓa aikowa.

Ba aikin ofis ne ya fitar da mu ran nan ba. Tana da wani tsohon faifai nata na kanta, wanda ya fara ƙas-ƙas kamar ɓera a bayan kabad. A cikinsa hotunan gidan nan suke tun tana sakandare, da duk bidiyon da ta ɗauka, kuma babu su a ko'ina sai nan. Ta ce faifai in ya fara wannan kukan ba a wasa da shi, a kwashe shi da sauri, a kuma kwashe shi sau ɗaya. Kwamfutarta ta gida ba ta da wannan saurin.

Da hantsi muka isa. Mai shagon farko ya wuce ta kamar labule, ya tarbe ni.

"Baba, ga irin taku, ta manyan mutane." Ya kunna wata ƙatuwa mai gefen gilashi, fitilu suna yawo a cikinta. "Har launi take canzawa."

"Malam, ni ce mai saye," in ji Auta. "Kuma faifai zan kwafa, ba biki zan yi ba. Ramukan da ake jona faifai, wane irin gudu suke yi?"

"Gudu? Hajiya, wannan ai jirgi ce."

"Na sama ko na ruwa?"

Bai sani ba. Na shago na biyu ma bai sani ba, amma ya rantse. Na uku ya ba ni shawarar in saya mata ta ɗauka a hannu mai ruwan hoda.

Abin da take nema bai da yawa. Ƙarama, wadda za ta shiga jakarta. Mai araha, wadda in ta faɗo daga babur ba za a zauna makoki ba. Sai ramuka biyu masu sauri, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, waɗanda ba hanya ɗaya suke rabawa daga ciki ba. Na tambaye ta ƙarfin ƙwaƙwalwar fa.

"Kwafi ba tunani ba ne, Abba, dako ne. Mai faɗin kafaɗa ake nema, ba farfesa ba." Ta dube ni ta gefen ido. "Ban ce kai ba."

Da rana tsaka muka samu irin wadda take nema a wani lungu, 'yar gwanjo, baƙa, ba ta fi littafi mai kauri ba. Mai shagon ya ɗora kwanon abincinsa a kanta. Auta ta fito da faifan gwaji biyu daga jaka.

"Ba a gwaji a nan, 'yar'uwa."

"To ba a saye."

Ya ɗauke kwanon. Ta jona, ta tsura wa lambar da ke hawa a allo ido, ta taɓa bayan na'urar ta ji ko ta ɗau zafi. Sai ta ɗaure fuska, wanda a wajenta alama ce ta samu abin da take so.

Da la'asar ta baje kaya a teburin cin abinci, mahaifiyarta tana mita. A nan mijin yayarta ya same mu. Injiniya ake ce masa. Ya taɓa sayar da janareto, kuma har yau ban ji sunan makarantar da ta ba shi wannan laƙabi ba. Ya ɗaga na'urar da yatsu biyu.

"Wannan ce? Abin wasan yara. Ai da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ka, Yaya Injiniya, da yanzu firji na sayo."

Ba ta taɓa tsohon faifan ba a ran nan, don ba ta da sabon da za ta juye a ciki. Ta ce gobe za ta taho da shi. Da magariba ta ce kanta na sarawa, ta sha magani, ta kwanta.

Washegari ta faɗi a bakin ƙofa tana sa takalmi. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ba ta kai yamma ba.

Masu ta'aziyya sun zo, na gode musu. Manajan kamfaninsu ya ce ya ɗauke ta kamar 'yar cikinsa, ya kira ta da sunan da ba nata ba, kuma kafin ya tashi ya tambaya cikin ladabi ko an ga faifayen ofis. An gani. Na ba shi a leda.

Da gida ya fara ragewa, mahaifiyarta ta ce mini, "Muryarta nake son ji." Na ce faifan yana nan, za mu jira Doguwa, abokiyar aikin Auta da teburinsu ke haɗe, ita za ta yi. Injiniya yana zaune, yana ji.

Na fita raka 'yan'uwana tasha. Kafin in dawo ya sayo sabon faifai, ya ɗauko tasa kwamfutar daga gida, ƙatuwa, ya ture ƙaramar gefe. So yake ya faranta wa surukarsa, ya kuma nuna mata yadda manya ke aiki.

Masu wannan sana'a suna da tsoro ɗaya, kuma duk wanda ya yi mako a cikinta ya san shi. In ka jona faifai biyu, ba za ka ga "tsoho" da "sabo" a allo ba, lambobi za ka gani. Shi ya sa suke jona ɗaya tukuna, su gane shi, su kulle shi yadda ba za a iya rubutu a kansa ba, sannan su kawo na biyu. Injiniya ya jona su tare. Kwamfutar ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. Injiniya bai taɓa rashin tabbas ba a rayuwarsa.

Na shigo na tarar yana murmushi.

"Baba, zo ka ga gudu! Waccan 'yar mitsitsiyar ai sai ta kwana."

Gudu kam tana yi. Sabon faifan da babu komai a ciki take juyewa a kan na Auta. Ban san haka ba sai da tsohon ya yi ƙas-ƙas, ya shaƙe, aikin ya tsaya. Injiniya ya buɗe sabon, babu komai. Ya buɗe tsohon, ya ƙi buɗuwa. Ya share gumi.

"Dama faifan ya riga ya mutu, Baba. Ƙaddara ce."

Na zare wayar daga bango. Na ce masa matarsa tana nemansa a waje.

Doguwa ta zo da safe. Ta ji bayani, sai ta tambaya ina ƙaramar kwamfutar. Ta zauna a kujerar Auta, ta jona tsohon faifan shi kaɗai. Ta ce tsufansa ne ya taimaka, da lafiyarsa ƙalau da an share shi har ƙarshe. Ta wuni tana lallaɓa shi.

Abin da ya fito kaɗan ne. Yawanci hotunan aiki, ɗakunan makarantu, kwamfutoci a jere, wayoyi a ɗaure. Na gida ba su cika tafin hannu ba. Bidiyo ɗaya ne ya buɗu, shi ma da alama ba da niyya aka ɗauka ba, rufin ɗaki kawai ake gani da fanka tana juyawa. Sai muryarta daga nesa: "Wa ya cinye min ayabata? Abba, kai ne ko?" Sai dariya, sai ya yanke.

Mahaifiyarta ta ce a sake sawa. Aka sake. Doguwa ta kwafa mata a wayarta, ta kwafa a tawa, ta ajiye wani a wajenta.

Tufafinta mun ba 'yan'uwanta mata, suka raba. Littattafanta sun tafi wata makaranta da ta taɓa yi wa aiki. Takalman da take sawa ran nan suna wajen mahaifiyarta, ban tambaya ina ta ajiye su ba. Ƙaramar kwamfutar na ba Doguwa, da jakar da sukundireban da faifayen gwajin. Ta ce da ita take fita aiki yanzu.

Injiniya ya turo matarsa ta roƙa masa wani abu daga cikin kayan aikin, don tunawa. Na ba ta faifan da ya sayo, wanda babu komai a ciki. Dama nasa ne.