Gorunan Jiƙo Bakwai na Ya Meram

Ina tsakar gida ina tsaga kaba, ranar wata Talata da hantsi, sai Kalli ya kira ni daga Gashuwa. Kalli shi ne babban ɗan aminiyata Meram. Ya ce, "Inna Ikilima, sai haƙuri. Ya Meram ta cika bayan sallar asuba." Da na gama salati, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Ciwon ne ya dawo?" Ya ce a'a, jiya ma da kanta ta kwashe kifi daga banda. A kan dadduma aka same ta, ta jingina da bango. Na yi kuka, amma a cikin kukan har da hamdala, don na san abin da ta fi tsoro.

Meram mai kifi ce. Shekara talatin tana banda tarwaɗa a bayan gidansu, ba nisa da kogi, har zannuwanta na fita biki ƙanshin hayaƙi suke yi. Tare muka tashi a Nguru, aure ya kai ta Gashuwa. Shekara tara da suka wuce aka same ta da ciwon daji a nono. Aka cire mata na hagu, aka yi ta ɗura mata ruwan magani har gashinta ya zube. Ta warke, amma takan ce ba mutuwa take gudu ba. Abin da ba ta so shi ne ta koma kwance, 'ya'yanta na juya ta.

Duk wata shida takan zo Nguru a gwada jininta, ta sauka a ɗakina. A zuwa na uku likita ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce awon hanta ya hau, sai an yi hoton ciki nan da kwana huɗu. Muka fito bakin titi ni da Meram. Ta ce, "Ƙawa, ya bar sama ya koma ƙasa."

Kwana huɗun nan ba ta ci abin kirki ba. Ta fara rabon kayanta da baki: ragar banda ta wance ce, tukwane na matar Kalli. Rana ta uku ina neman turare a jakarta, sai na ci karo da gorunan roba guda bakwai, kowace da ruwa launinta daban, wata baƙa ƙirin kamar tawada.

Na ce, "Ya Meram, shago kika buɗe?"

Ta fara yi mini bayani ɗaya bayan ɗaya. Wannan jiƙon maɗaci ne daga surukarta. Waccan saiwa ce, Gogo mai kawo mata nono ta haƙo daga Yusufari. Baƙar kuma wani dattijo ne ya aiko tun daga Kumagannam. Duk wanda ya zo dubiya da tasa gorar yake zuwa, ita kuwa wata biyar tana shan kowanne safe da yamma.

"Likita ta sani?"

"In faɗa mata ta yi mini faɗa a gaban mutane? Kuma mutum ya tako da zafin rana don ni, in ce masa ba na sha? Da wane ido?"

Washegari na ɗaure gorunan a zane, na sauke su a kan teburin likita. Meram ta harare ni kamar ta cinye ni. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba ta yanke cewa su ne ba, amma a daina sha, a dawo bayan mako shida. Hoton ciki ya fito ba komai. Da mako shidan ya cika, awon ya sauka daidai. Meram ta zauna a ƙasan barandar asibiti tana dariya da hawaye, sannan ta ce a sayo mata masa, yunwar wata biyu take ji.

Karɓar jiƙo kuwa ba ta daina ba. Ta sa hannu biyu, ta yi godiya, ta raka baƙo har zaure, sannan ta juye a gindin zogalen bayan ɗakinta. Ba a rufa shekara ba zogalen ya bushe. Ta ce Allah ya ji ƙansa, ya yi mata jinya.

Zuwanta na ƙarshe watan jiya ne. Jini ya fito lafiya, na raka ta tasha. Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Ƙawa, fes nake. In tafiya ta zo, da ƙafata zan tafi."

Na ce, "Ki dai isa Gashuwa tukuna, kifi na jiranki."

Ta ce, "In kin tashi zuwa ki taho mini da dabino. Kika kawo gora, a zaure za ki kwana."